Shekara 14 ina rubuta wa Allah bashi

A coci na buɗe ido, a coci na yi wayo, kuma ba don abin da ya same ni ba, da a bencin gaba zan tsufa. An haife ni a Sakkwato a 1978. Babana ma'aikaci ne a kamfanin siminti na Kalambaina, mamata kuma tana ɗinki a gida. Mu Hausawa ne gaba da baya, abin da yake ba mutane da yawa mamaki idan suka ji mu Kirista ne.

Kiristancin gidanmu daga Amanawa ya faro. Kuturta ta kama kakata tana budurwa, danginta suka kai ta asibitin kutare da Turawan mishan suke riƙe da shi a can, suka juya, ba wanda ya sake waiwayarta. A can ta warke, bayan cutar ta riga ta cinye mata yatsu. A can ta ji labarin Yesu, a can kuma ta auri kakana, wanda shi ma jinya ce ta kai shi. Inna muke ce mata. Ba ta iya karatu ba, amma tana da Littafi Mai Tsarki tsohon juyi, irin wanda aka fara bugawa a 1932, a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Ni take sawa in karanta mata, kuma kusan kullum wuri ɗaya take so: Markus sura ta 1, inda kuturu ya durƙusa gaban Yesu, shi kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi. Idan na kai nan sai ta ce, "Tsaya. Maimaita."

Addu'ar Inna ita ce abin da ya fi ba ni kunya ina yarinya. Ba ta rufe ido, ba ta canja murya. Tana zaune a tabarma sai ka ji ta ce, "Yesu, ka ga ƙahwar nan tawa ta hana ni kwana jiya," kamar da wani take magana a bakin ƙofa. Mu kuwa a makarantar Lahadi an koya mana yadda ake jera addu'a, da inda ake farawa da inda ake direwa. Na ɗauka Inna jahilci ne ke damun ta. Ta rasu ina aji uku a sakandare, aka ba ni Littafin nata, na jefa shi ƙasan akwati.

Ni dai na zama 'yar coci ta sosai. Na yi birged, wato ƙungiyar horar da 'yan mata ta coci, na yi ƙungiyar mawaƙa, aka yi mini baftisma ina da shekara 15. Na yi karatun koyarwa, na kama aiki a firamare, na yi aure a 2000. Ina shiga zumuntar mata aka ga ina da hannun lissafi, ba a daɗe ba aka ba ni ma'aji. Daga nan sunana ya ɓace, kowa Mama Ma'aji. Talata zumunta, Laraba addu'a, Juma'a koyon waƙa, Asabar shara da kwamiti, Lahadi tun bakwai na safe har bayan azahar. Katin zakkata babu watan da ya yi giɓi. Wanda bai zauna a Sakkwato yana Kirista ba, da wuya ya gane abin da coci take a wurinmu. Mu kaɗan ne a gari. Coci ce danginka, ita ce mai nema maka aiki, ita za ta aurar da 'yarka, ita za ta binne ka. Ba na faɗin wannan da raini. Na ci alherinta shekara da shekaru.

Lokacin aurenmu ba wanda ya ce mu yi gwajin jini. Ni AS, maigidana AS, wato kowannenmu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa ba tare da ciwon ba, ba mu sani ba. 'Yan matanmu biyu suka zo lafiya lau. A 2008 na haifi autana, namiji. Yana da wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana kuka ba dare ba rana. Aka gwada, aka ce sikila ce, SS. Likita ya zana mana a takarda: idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Ya ce ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon da yake ji a ƙashi. Ya ce mu kiyaye shi daga sanyi, da ƙishirwa, da zazzaɓin cizon sauro. A Sakkwato! Garin da hunturu ke shiga har ɓargo a Disamba da Janairu, a Afrilu kuma zafi ya haura digiri 40.

Na ji bayanin likita da kunnena, amma zuciyata wani lissafi ta kama. Na ce a raina, tunda ina yi wa Allah aiki, in na ƙara, zai duba. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini haka da baki, amma a iskar da nake shaƙa yake. Shaidar da ake tafa wa hannu ranar Lahadi ita ce ta wanda ya bayar ya samu. Baƙin masu wa'azi da ake gayyatowa taron farkaswa suna cewa ka shuka iri daidai girman matsalarka. Na shuka. Albashina na Janairu gaba ɗaya nake bayarwa a matsayin nunan fari, shekara tara a jere, alhali Janairu ne watan da muka fi kwana a asibiti. Na sayar da keken ɗinkin da na gada daga mamata na sa a ginin sabon ɗakin sujada. Na yi azumin kwana uku ba ruwa har na faɗi a gaban ɗalibaina.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ban da littafin kuɗin zumunta, ina da wani ƙaramin littafi nawa mai bango shuɗi. A shafin hagu ina rubuta abin da na ba Allah: kuɗi, azumi, kwanan addu'a. A shafin dama ina rubuta kwanakin da yaron ya yi a asibiti da ledar jinin da aka ƙara masa. Ƙarshen shekara sai in duba ko dama ta ragu. Idan ta ragu, in ce Allah ya karɓa. Idan ta ƙaru, in ce akwai inda na gaza, in ƙara wa hagu. Shekara 14 ina wannan.

Mutane ma sun taya ni. Wata ta ce in bincika kaina, ko akwai zunubin da ban furta ba. Wani ya ce la'ana ce ta gado, ya tuna mini kuturtar kakata. Yaron yana jin duk wannan, don yara suna ji ko da mun ɗauka wasa suke yi. Yana da shekara tara, wata rana ina shafa masa ƙafa da ruwan ɗumi, ya ce, "Mama, zunubin wa nake biya, nawa ko naki?" Na ce ya yi shiru, ba a faɗin haka. Amsar da na ba shi ke nan. Har yau idan na tuna, ƙirjina yana yin nauyi.

Ya girma yaro mai dariya, siriri, idanunsa da ɗan rawaya. Yana son gyaran rediyo da tocila, duk abin da ya lalace a unguwa wurinsa ake kawowa.

Farkon Fabrairu 2023 ne, lokacin canjin kuɗi. Duk wanda yake ƙasar nan ya san halin da aka shiga: an sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, layi a bankuna tun asuba, masu POS ba kuɗi, in ka tura ta waya sai ya maƙale. Daren wata Juma'a ciwon ya tashi, wannan karon a ƙirji, yana numfashi da ƙyar. Muna da kuɗi a asusu, amma a hannu ko na mota babu. A cikin ɗakina kuwa, a akwatin ƙarfe, akwai naira 180,000 na zumunta, kuɗin zanen anko da mata suka tara, ina jiran Litinin in kai banki.

Na kira shugabarmu. Na ce, "Mama, yaron ne. Ki ba ni izini in ari dubu talatin daga kuɗin anko, Litinin maigida zai mayar." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Mama Ma'aji, ke ma kin san tsari. Sai kwamiti ya zauna. Bari mu yi addu'a." Ta yi mini addu'a a waya, mai tsawo.

Ban taɓa kuɗin ba. Kuma kada wani ya zagi matar nan, don shekara biyu kafin wannan dare wata gwauruwa ta zo gidana tana neman rancen kuɗin magani daga asusun nan, ni da bakina na ce mata, "Kin san tsari, sai kwamiti ya zauna." Kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Abin da na shuka shi na girba, kuma a lokacin da na faɗa wa gwauruwar, na kwanta barci ina jin na riƙe amana.

Maƙwabciyata Hajiya, mai sayar da masa, ita ta jiyo kukana ta katanga. Ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba. "Malama, mi ya hwaru?" Ban gama bayani ba ta koma, ta dawo da ciniki na kwana biyu a ƙulle cikin leda, duk ƙananan kuɗi masu maiƙo. Ta ce, "Amshi. Wanga ba rance ba na. Ɗanki ɗana na." Ɗanta ya fito da Keke Napep ɗinsa ya kai mu asibiti, da aka nemi jini kuma shi ya miƙa hannu.

Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ranar Lahadi da safe, daidai lokacin da ake karɓar baiko a coci, wato sadakar da masu sujada suke bayarwa, autana ya cika. Shekararsa 14. Na tambayi likita ko jinkirin daren Juma'a ne ya jawo. Ya ce a'a, irin wannan idan ya hau ƙirji yakan fi ƙarfin magani ko da an zo da wuri. Na yarda da shi. Ba wanda ya kashe mini ɗa, ina so a ji wannan da kyau.

Coci ta binne shi da mutunci. Mata sun zo da anko, sun buga tulu, sun yi waƙa, sun dafa abinci. Kwana biyar bayan haka aka aiko a karɓi littafin kuɗi da akwati, saboda rahoton da za a kai taron gunduma. Na ƙirga musu 180,000 cif, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Wanda ya karɓa ya yaba mini, ya ce irina ake nema a aikin Ubangiji. Da ya fita na shiga bayi na yi amai.

Ban bar zuwa nan take ba. Na ƙara makonni shida ina ɗaura zanen zumunta, ina zama a wurina, bakina yana waƙa, cikina kamar kango. Abin da na gano ya tsorata ni: ban san wanda nake yi wa waƙar ba. Na san tsarin sujada daga farko har albarka. Na san kundin dokoki sashe-sashe. Amma Allah, a wurina, wani babban ma'aji ne da ke zaune a sama da nasa littafin, kuma ya karɓi kuɗina shekara 14 bai ba ni kaya ba. Wata Lahadi na yi wanka, na shirya, na kai bakin ƙofar gida, ƙafata ta ƙi. Na ce wa maigida, "Baban yara, ka tafi. Ni ba zan iya ba." Ya dube ni, bai ce komai ba, ya tafi. Washegari na rubuta takardar ajiye muƙami.

Bazara ta shigo, azumin Musulmi ya kama a ƙarshen Maris. Saboda zafi a tsakar gida muke kwana, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Ina kwance ina kallon sama har in ji motsin tukwane a gidan Hajiya sun tashi sahur. Ban yi addu'a ba ko sau ɗaya tun ranar jana'iza, don duk addu'ar da na iya ta ciniki ce, kuma ba ni da sauran abin saye. A ɗaya daga cikin waɗannan darare ne na ji bakina ya ce, a fili, "Ka cuce ni." Na tsorata, na jira abin da zai biyo baya. Ba abin da ya faru. Sai na ci gaba. Na gaya masa keken ɗinkin mamata, na gaya masa Janairu tara, na gaya masa tambayar da yaron ya yi mini. Ban rufe ido ba, ban canja murya ba. Na yi ta magana har aka kira assalatu. Sai da na yi shiru na gane da muryar wa na yi magana. Muryar Inna ce.

Da gari ya waye na tono Littafinta daga ƙasan akwati. Ɗankwalin ya rube, takardun sun yi ja. Na karanta Littafi Mai Tsarki sau da yawa a rayuwata, amma kullum don in shirya darasi ko in cika jadawali. Wannan karon ba wanda zan koya wa, ba wanda zai tambaye ni. Na faɗa kan Zabura 88, addu'ar mutumin da ya yi ta kuka ga Allah, kuma har ta ƙare ba a ba shi amsa ba, a cikin duhu ta tsaya. Na yi mamaki da aka bar irin wannan a cikin Littafin. Ashe akwai wurin mai fushi a gaban Allah, ba sai ya wanke fuska ba.

Sai Yahaya sura ta 9. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Tambayar ɗana ce, kalma da kalma. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Na san ayar nan tun ina birged, na ci gasar hadda da ita. Amsar tana bakina ranar da yaron ya tambaye ni, ban ba shi ba, don ni kaina ban gaskata ta ba. Na kifa fuskata a kan shafin na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Na ce, "Ka gaya masa. Yana wurinka, ka gaya masa ba nasa ba ne, ba nawa ba ne."

Wurin da ya ƙarasa karya ni shi ne Luka 15. Kullum ƙaramin ɗan nan da ya gudu ake wa'azi a kansa, ni kuwa ban taɓa gudu ba, don haka ban taɓa ganin kaina a labarin ba. A ranar na lura da babban wan, wanda ya tsaya a waje yana fushi, yana lissafa wa ubansa shekarun da ya yi yana masa bauta bai taɓa saɓa umarni ba. Ga littafina mai bango shuɗi a bakin wani. Uban kuwa bai buɗe nasa littafi ba. Fitowa ya yi ya same shi a waje, ya kira shi ɗansa, ya ce masa kullum yana tare da shi, kuma duk abin da yake da shi nasa ne. Shekara 45 ina cikin gidan, ina aiki kamar 'yar ƙodago, ban san ni ɗiya ba ce.

Fita daga tsarin coci a gari irin namu yana da tsada. Dattawa sun zo sau biyu. Baba Fasto ya zo da kansa, ya zauna, ya saurare ni har ƙarshe, kuma ina girmama shi saboda haka. Wasu matan da muka yi shekara 20 tare sun koma gaishe ni daga nesa a Babbar Kasuwa. Aka fara cewa zan musulunta, tunda kullum ina gidan Hajiya. Ita kuwa baiwar Allah ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini wannan maganar ba. Ta'aziyya take yi mini, ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Babbar 'yata ta yi kuka, ta ce, "Mama, wa zai tsaya mini ranar aurena?" Wannan ya fi komai ci mini rai.

An karanta mini Ibraniyawa 10:25, cewa kada mu bar taruwa. Ban ɗauki ayar da wasa ba, na yi ta juya ta. Gwauruwar nan da na hana rance ita na fara nema. Na same ta a Mabera, na durƙusa na roƙi gafara. Ta ɗaga ni, ta ce ta daɗe da mantawa, amma hawayenta sun nuna ba ta manta ba. Yanzu ni da ita da wata mata da ta rasa 'ya'ya biyu ga sikila muna haɗuwa duk Alhamis da la'asar a tsakar gidana. Ba shugaba, ba ma'aji, ba faranti. Mu karanta sura ɗaya, kowa ta faɗi abin da ke cinta, mu gaya wa Yesu. Idan ɗaya ba ta da kuɗin magani, wadda take da shi ta ciro.

Ba ina kiran kowa ya bar cocinsa ba. Maigidana yana zuwa, kuma na ga yadda shi yake samun Ubangiji a can da gaske. Na san mata a zumunta da suka san Yesu fiye da yadda zan taɓa saninsa. Ni ce tsarin ya zame wa labule, na ɓuya a bayansa har ban ga fuskar wanda nake yi wa hidima ba. Ko zan koma wata rana, ban yanke ba. In na koma, a bencin baya zan zauna, kuma ba zan sake riƙe makullin akwati ba. Abu ɗaya da nake faɗa wa duk saurayi da budurwar da suka zo gaishe ni, Kirista ko Musulmi, shi ne su je a gwada jininsu tun kafin magana ta yi nisa. 'Yan matana duk sun yi.

Littafin shuɗin nan ban ƙone shi ba. Na ja layi a ƙarƙashin shafin ƙarshe, na rubuta kwanan wata, na sa shi a akwatin da Littafin Inna ya fito.

Duk Lahadi maigida yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Za ki?" In ce, "Ba yau ba." In miƙa masa hularsa, ya tafi. Lahadin da ta wuce, bayan ya fita, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon yaro, ƙamshin masar Hajiya yana tsallako katanga. Akwai wata tsohuwar rediyo da yaron ya kwance bai gama haɗawa ba, tana nan a kan taga yadda ya bar ta. Na dube ta, na ce, "Yesu, ka ga yau da ya cika 17." Na zauna, ban ƙara komai ba, har rana ta iso kan tabarmar na ja ta zuwa inuwa.